Sabuwar taya ta kada ni a shataletale, jabu ce ko haka sababbi suke?

Ɗan Badariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu mashin. Don Allah wanda ya san kan taya ya taimaka min da bayani, saboda abin da ya same ni shekaranjiya har yanzu na kasa gane kansa.

Boxer gare ni, shekara 4 kenan ina hawansa, da shi nike zuwa aiki nan cikin Birnin Kebbi, Asabar da Lahadi kuma in leƙa gona wajen Ambursa. Tayar baya ta suɗe sosai, tsakiyarta ta koma kamar tafin hannu zanen sai a gefe-gefe, to na ga an fara haɗa hadari nace gara in daure in canza tun ruwa bai sauka ba, kun dai san inda kuɗin taya ya kai yanzu, sai da na taɓa kuɗin da na aje na taki. Na sayo sabuwa dal a ledarta, 3.00-17, na kai wa mai faci ya ɗaura min, ya ba ta iska ya ƙwanƙwasa ta da sifana yace ta yi, na biya na hau.

Wallahi ban yi kilomita 2 ba. Na shigo shataletalen da kullum sai na bi shi safe da yamma, gudun da na saba, giya ta 3, ƙasa a bushe ba ruwa ba komai, na kwanto hagu kamar kullum ina ɗan ƙara wuta zan fita kawai sai na ji bayan mashin ya sulɓe kamar na taka yauƙin kuɓewa. Kafin in ce mi sai ga ni ƙasa, mashin ya yi gaba yana jan ƙasa ni kuma gwiwar hagu da gwiwar hannu duk sun daye, wandon ya yage, hannun kulochi ya karye, sigina ta hagu ta fashe. Allah ya tsare mai keken da ke bayana ya ja birki da wuri, in da tifa ce yau wani labarin ake yi. Mutane sunka taru sunka tada ni, wani dattijo har ruwa ya zuba min a ciwon, Allah ya saka mai da alheri.

Da na samu na zauna bakin hanya sai na shafa tayar, na ji ta sumul tana ƙyalli kamar an shafa mata mai, har sitikar kamfani na nan manne a kan zanen ba a ɓare ba.

Abin da ke damuna shi ne tsohuwar da ta suɗe ba ta taɓa kada ni a wurin nan ba, sai sabuwa? Jabu anka sayar min ne in mayar wa mai shago? Wani abokin aikina yace in goge ta da samfefa, wani yace iska ce ta yi yawa. Kuma ina da niyyar canza ta gaba ƙarshen wata, yanzu duk tsoro ya kama ni, don da safe ni nike kai yara biyu makaranta.

Baba Na Kabu-kabu:

Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah shi ƙara tsarewa, Allah shi ba ka lahiya.

Kak ka yi saurin cewa jabu ta. Ni na hi shekara 20 ina kabu-kabu tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo, tun zamanin Jincheng, kuma ban taɓa ganin sabuwat taya wadda ba ta da wanga santsi ba, mai tsada da mai araha duka. Mu santsin sabunta muka ce mai. Ni kaina ya kada ni sau guda ina yaro, tun rannan ban sake yarda da taya ranad da anka ɗaura ta ba.

Ga wadda nika yi. Ranad da nis sa sabuwat taya, rannan ba ni ɗaukar mace mai goyo, ba ni ɗaukar tsoho, ba ni ɗaukar lodi ko nawa za a ba ni. Tahiya nika yi awa wanda ya ɗauko kiret ɗin ƙwai. Birki tun daga nesa, a hankali, ba a danna shi gaba ɗai. In na zo kwana in rage wuta tun ban shiga ba, in shiga a tsaye-tsaye, ba ni ƙara wuta sai mashin ya miƙe. Kwana 2 zuwa 3 haka nan, don mu muna yini bisa hanya, kai da ka zuwa ofis ka dawo sai ka ba ta sati guda ko hiye.

Amma ga inda yara ka halaka, ka saurara da kyau. Tsakiyat taya ita ka hwara cin ƙasa, gehe bai ci sai an kwanta. Akwai wani yaro nan tashammu, yas sa sabuwa yat tahi Jega yad dawo, yac ce ai ta gama gogewa. Hanyar nan ko kusan miƙaƙƙa ta, tsakiya kaɗai tac ci. Washegari yaz zo kwana da gudu yak kwanta, sai yah hau bisa gehen da bai taɓa taɓa kwalta ba, nan take ta watsar da shi, wata 2 shina jinyar kahwaɗa. Kai ma abin da yas same ka kenan, ka kwanto hagu bisa gehe sabo dal.

In kana son ka gane, kahe mashin ka duba tayar da rana. Inda yac ci ƙasa za ka ga ya dushe ya yi ɗan kaushi, inda bai ci ba shina ƙyalli. Kullum ka ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan, hagu da dama, ka ga dusasshen wurin shina faɗaɗa. Yaran nan kuma wanga sati ka bari su tai a keke, ka jiya?

Auwal Jega:

Sannu oga Allah ya kiyaye gaba. Ni dai duk wannan dogon jiran ban yinsa, ana ɗaura min nake sa yaro ya wanke ta da fetur ya bi ta da samfefa, sai in rage iska kaɗan don ta ƙara kama ƙasa, in shiga cikin yashi in riƙe birkin gaba in murza totur ta yi ta juyawa minti ɗaya, shi kenan ta zama tsohuwa. Ban taɓa faɗuwa ba. Kuma in ka ga gashin nan na jikin tayar ya kaɗe to ta gama.

Mai Faci Kalgo:

Auwal don girman Allah ka daina gaya wa mutane wannan, rashin faɗuwarka tsarewar Allah ce ba dabararka ba. Fetur cin roba yake, yana busar da ita ta fara tsagewa tun lokacinta bai yi ba. Juya taya cikin yashi kuma tsakiya kawai ka ci, gefen da ya kada bawan Allahn nan yana nan yadda yake, ga yashi ka cika wa sarƙa da shi. Gashin ma ba shi nuna komai, ragowar roba ce da ta bi ƙananan hujojin da iska ke fita lokacin da ake gasa tayar a kamfani, na gefe sai ya yi wata da watanni bai kaɗe ba.

Ɗan Badariya sannu da jiki. Ni sana'ata kenan shekara 14, kuma zan faɗi gaskiya ko da a kan 'yan uwana masu faci ne, don wani lokacin laifin ba na tayar ba ne namu ne. Kace ka shafa ka ji kamar mai. To ka koma ka tuna, da mi ya shafa bakin tayar lokacin da zai sa ta a rim? Da yawa in taya ta yi tauri sai su lakato baƙin mai ko giris su shafa don ta shige da sauƙi, da hannun nan mai maiƙo kuma za su riƙa juya tayar suna dannawa, duk zanen ya kwashi mai. Ka hau wannan ka shiga kwana ai sai dai Allah ya kiyaye. Ruwan sabulu ake sawa, shi yana bushewa ya tafi, mai ba ya tafiya. Yanzu abin da za ka yi, ka ɓare sitikar nan, ka samu ruwa da Omo da buroshi ka wanke zanen gaba ɗaya har gefe, ka ɗauraye sosai ka bari ta bushe. Wankin zai cire maiƙo da gam ɗin sitika amma ba zai maye gurbin tafiyar da Baba ya faɗa ba.

Sannan ka ɗaga mashin kan dogon jak ka juya wilin a hankali kana kallon gefen tayar dab da rim, akwai wani siririn layi da ya zagaye ta. Layin nan ya zama tazararsa da bakin rim ɗaya ce ko'ina, ɓangare biyun. In wani wuri ya nutse ciki wani wuri ya fito to tayar ba ta zauna ba, za ka ji mashin yana ɗan rawa, sai an sace iskar an sake ba ta. Ka duba kibiya kuma, yawancin tayoyi suna da kibiya a gefe mai nuna inda za ta riƙa juyawa, na sha karɓar mashin da aka ɗaura wa taya a juye, ranar ruwa zanen ba zai kori ruwa yadda aka tsara shi ba.

Tub fa, sabo ka sa ko tsohon aka mayar? Tsohon tub ya riga ya saki ya yi faɗi, in ka cusa shi cikin sabuwar taya yana iya naɗewa, wurin naɗin nan shi ke fashewa ana cikin gudu. Na san kuɗi ne amma wanda ya iya sayen taya ya daure ya haɗa da tub. Da robar nan da ke rufe kan sifok a cikin rim, in ta tsinke a canza ta, wasu sai su yar da ita kawai.

Zancen rage iska da Auwal ya yi, shi ya fi ba ni tsoro. Taya mai tub in iska ta yi ƙasa tana zamewa a jikin rim in ka ja birki ko ka ba da wuta, sai ta ja tub ɗin, za ka ga bawul ya karkace, ƙarshe ya tsinke daga gindi iska ta fita lokaci ɗaya. Yawan iska ma matsala ne, kuma a nan nake zargin naka, don wanda ya ƙwanƙwasa da sifana yace ta yi bai auna komai ba. Muna ba taya iska da yawa don ta zauna a rim, daga nan sai a rage a dawo da ita daidai da geji, wato abin auna iskar taya, wasu suna mantawa da ragewar. Taya mai tauri kamar dutse wurin da ke taɓa ƙasa ɗan mitsitsi ne. Ƙananan mashina irin namu yawanci a geji gaba 25 ne, baya 28 in kai kaɗai ne, 32 in da goyo, amma ka duba littafin mashin ɗinka ko sitikar da ke jikinsa ka bi wannan.

Na ƙarshe, duk wanda aka cire masa wilin baya kada ya bar wurin sai ya taka birki ya ji. An kwance sandar birki an mayar, in aka ɗaure notin fiye da da, taɓawa kaɗan sai taya ta ƙulle. A duba sarƙa kada ta yi tauri, a duba alamomin da ke gefe biyu na wurin jan sarƙa su zo daidai don wili kada ya karkace, a tabbatar an ɗaure babban noti.

Malam Na Argungu:

Allah ya ƙara sauƙi ɗan uwa. Baba da Oga mai faci sun gama magana, ni abu kaɗan zan ƙara daga abin da na karanta, saboda ina ganin akwai dalili ɗaya da ba a taɓo ba kuma a ganina shi ne babba a faɗuwarka.

Da farko su kansu masu yin tayar sun san da wannan. Ana gasa taya ne cikin wani ƙarfe mai santsi da zafi sosai, shi ya sa take fitowa fatarta sumul, wasu kamfanonin kuma suna shafa wani sinadari don kada ta manne wa ƙarfen. Kamfanin Dunlop ya rubuta cewa a yi wajen mil 100 ana lallaɓa sabuwar taya, wato kilomita 160, ba fizgar wuta, ba birki mai ƙarfi, ba kwanciya sosai a kwana. Ka ga daga Birnin Kebbi zuwa nan Argungu kilomita 50 ne da 'yan kai, to kamar ka zo ka koma ka sake zuwa. Sai dai kamar yadda Baba yace lissafin kilomita kaɗai ba ya wadatarwa, kilomita 160 a miƙaƙƙiyar hanya tsakiya kawai ya gyara. Zagayen cikin gari a hankali inda akwai kwanoni hagu da dama ya fi amfani. Kuma a kwalta, don burji da yashi ba sa goge taya kamar yadda kwalta ke yi.

Dalilin da nake nufi shi ne siffar tayar. Kace tsohuwar tsakiyarta ta zama kamar tafin hannu. Wato ta baje, ta zama mai faɗi a tsakiya, irin wannan tayar ba ta son kwanciya sai ka matsa mata. Wata da watanni kana matsa mata a shataletalen nan har hannunka da jikinka suka saba ba tare da ka sani ba. Sabuwa kuma a zagaye take kamar bayan ƙwarya, da ka ɗan karkata take bin ka. To ka zo mata da ƙarfin da ka saba yi wa tsohuwa, sai mashin ya kwanta fiye da yadda ka nufa kuma da sauri, ya kai ka can gefen da ke ƙyalli, ga wuta ka ƙara a daidai lokacin. Don haka kwanakin nan na lallaɓawa ba tayar kaɗai ake gyarawa ba, kai ma hannunka yana sake koyon mashin ɗin. Ni duk sanda na canza taya sai in ji kamar mashin ɗin wani na ara.

Ta gaba da kake shirin canzawa ta fi wannan haɗari, gara ka sani. In baya ta zame wani lokacin mutum yana iya tarowa, in gaba ta zame babu lokacin yin komai. Kada tsoro ya hana ka canzawa in ta suɗe, amma ka zaɓi ranar da ba ka da sauri kuma ba hadari, kada ka damƙi birkin hannu da ƙarfi musamman mashin yana karkace. Ruwan farko ma ka kiyaye shi, shi ke taso da maiƙo da ƙurar da suka kwanta a kwalta tun rani, ko tsohuwar taya tana zamewa a kansa balle sabuwa.

Game da ko jabu ce, daga nan ba wanda zai iya yanke hukunci, amma akwai abin da za ka duba da idonka. A gefen tayar nemi lambobi guda 4 a jere a cikin ɗan zagaye mai tsawo, sau da yawa a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3523 to an yi ta a sati na 35 na shekarar 2023. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman wadda aka jibge a rana ko kusa da janareta, robar tana ƙeƙashewa ta yi tauri. Tana iya zama a ledarta amma ta shekara 6 a sito, irin wannan ko ka goge ta ba za ta kama ƙasa kamar sabuwar gaske ba. Danna farce a zanen, mai kyau za ka ji ta ɗan karɓa.

Akwai kuma wata lamba da harafi bayan girman tayar, misali 50P. Wannan 50 ɗin yana nufin tayar kilo 190 aka yi ta ta ɗauka, P kuma iyakar gudunta kilomita 150 a awa. Na kawo wannan ne saboda kace kana zuwa gona. Buhun taki ɗaya kilo 50 ne, ka ɗora 2 a baya ga ka ga nauyin mashin, yawanci duk a kan tayar baya suke sauka, ka ga an kusa kai wa iyaka ko an wuce.

Iska kuma da safe ake aunawa kafin a hau, tayar tana sanyi. Zafin garin nan da ke haura 40 a watan Afrilu, in ka yi tafiya ka auna za ka ga ta ƙaru, kada ka rage, in ta huce za ta koma daidai. Sabuwar taya tana ɗan buɗewa a kwanakin farko, saboda haka ka sake aunawa washegari da kuma bayan sati. Ƙaramin geji na aljihu ba shi da tsada, ni a ƙarƙashin sit nake aje nawa.

Maman Ikilima:

Sannu ƙanena, Allah ya ba da lafiya. Ni ban san komai a kan taya ba amma na san abin da ta ja mana. Bara maigidana ya canza taya da yamma, da dare ya ɗauke ni za mu dubiya, ina zaune a karkace kamar yadda muke zama da jaririya a baya. A kwanar shiga unguwarmu muka zube, ba gudu yake ba wallahi. Allah ya sa ni na faɗi ta gefe yarinyar ba ta bugu ba, amma hannuna sai da aka yi ɗori, wata ɗaya da rabi ko tuwo ban iya tuƙawa. Shi har yau in ya tuna sai ransa ya ɓaci. Don Allah maganar da Baba ya yi ta yaran nan ka riƙe ta, kuɗin keke na sati ɗaya ba zai kai kuɗin asibiti ba. Ciwon gwiwar kuma kada ka bari ka ce zai bushe da kansa, ka je a wanke maka a duba ko kana buƙatar allurar tetanus, kwalta datti gare ta.

Auwal Jega:

To na ji, fetur ɗin na bari tunda masu sana'ar sun ce yana ɓata roba, dama ina lura tayoyina suna saurin tsagewa a gefe ban san dalili ba. Amma samfefar fa oga? Ita ma laifi ce?

Mai Faci Kalgo:

Samfefa in ka bi a hankali ba za ta kashe tayar ba, amma hannu ba ya ci daidai, wani wuri ya ci wani bai ci ba, kuma matsalarta sai ta sa ka ji kamar ka gama ka fita da gudu. Ba ta koya wa hannunka sabuwar siffar da Malam ya yi bayani. Ni ban sa kowa ya yi.

Ɗan Badariya:

Jama'a na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na gode, Anti na gode, na je an wanke ciwon an yi min allurar, gwiwar ta ɗan kumbura amma ina takawa.

Yau da safe na fito da mashin tsakar gida na bi duk abin da kunka faɗa ɗaya bayan ɗaya. Lambar da Malam yace na same ta, tayar ba ta kai shekara da yi ba, farce ma yana shiga, don haka na janye zancen mayar wa mai shago, har na ji nauyin zargin da na yi masa a raina. Kibiya daidai take. Amma Oga mai faci kamar kana wurin, da na shafa farin tsumma a gefen zanen baƙi ƙirin ya fito da warin baƙin mai, sai lokacin na tuna da wani gwangwanin madara da ke gefensa yana tsoma yatsa a ciki. Na ari geji wurin maƙwabcina mai mota munka auna, 46 ta nuna. Na rage zuwa 28. Na wanke ta da Omo sau 2, ruwan farko har wani shuɗi-shuɗi yake yi a sama.

Da la'asar na canza hannun kulochi na fita ni kaɗai da hular kwano, na yi ta zagaya layukan Gesse inda ba cunkoso, giya ta 2 da ta 3, kwana hagu kwana dama, wajen minti 40. Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, da na ɗan karkata sai in ji mashin ya riga ni, sai da na riƙa sassauta hannu. Da na dawo na duba, tsakiya ta dushe kamar faɗin yatsa 3, gefe da gefe har yanzu suna ƙyalli, na hagu ma akwai tabon inda ta gurza ranar nan. Shataletalen dai ban koma ba tukun, ta wata hanya nike zagayawa. Yara na yi magana da wani mai keke a layinmu zai riƙa kai su har sati mai zuwa.

Abu ɗaya ya rage. Tub ɗin tsohon ne anka mayar, har da faci 2 a jikinsa, kuma layin nan na gefen rim a ɓangaren sarƙa akwai wurin da ya ɗan nutse kamar tsawon ɗan yatsa. In bari sai ƙarshen wata in haɗa da ta gaba, ko in je yanzu?

Mai Faci Kalgo:

Kada ka bari, gobe ka je. Ka sayi tub mai lamba daidai da tayar, 3.00-17, ka tsaya a kansa har ya gama, kace ruwan sabulu kake so, ya ɗan ba tub ɗin iska kafin ya sa shi don kada ya naɗe. In an gama ku juya wilin tare ku ga layin ya fito ko'ina, a auna da geji a gabanka. A hanyar zuwa kada ka wuce giya ta 3.